Barin albashi don cin gashin kai: shawarar da muka ba wani ƙanenmu

Mas'alar da za mu tattauna a wannan fitowa ta iske mu ne har gida, kuma mun ga ya dace mu kawo ta nan, domin mun tabbata akwai gidaje da yawa a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, inda ake ta kai-kawo a kan irinta.

Wata rana bayan sallar isha'i, wani ƙanenmu ya yi sallama da mu. Shekararsa bakwai yana aiki a wani kamfani a Yamai, a sashen da ke karɓar koke-koken abokan ciniki. Yana da mata da ƴaƴa uku, kuma duk ƙarshen wata yana aika wa iyayensa abin cefane. Bayan mun gaisa, sai ya ce: “Yaya, ina so in ajiye aiki in koma yi wa kaina.” Muka tambaye shi ko kanti zai buɗe. Ya ce a'a, binciken masu amfani da kaya zai riƙa yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi, su biya shi kwangila-kwangila. Ya ƙara da cewa ya faɗa wa mahaifinsa, tsohon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: “Ɗana, aikin da ba zan iya faɗa wa mutane sunansa ba, shi za ka bar albashi dominsa?”

Tambayar dattijon tana da nauyi, kuma bai kamata a ɗauke ta maganar wanda bai san zamani ba. Saboda haka za mu fara da ita.

Wane aiki ne wannan?

Duk wanda ya ƙera wani abu domin jama'a, ko tarho ne, ko manhajar aika kuɗi, ko takardar da ake cikewa a asibiti, yana da zaton yadda mutane za su yi amfani da shi. Sau da yawa zaton nan yakan saɓa wa abin da ke faruwa a kasuwa da cikin gida. Aikin mai binciken masu amfani shi ne ya je wurin mutanen, ya zauna da su, ya yi masu tambayoyi, ya ba su abin a hannu ya ga inda suke tuntuɓe, sannan ya koma ya gaya wa masu ƙerawa abin da ya gani da idonsa, domin su gyara kafin su yi asarar dukiya.

Sana'ar ba ta daɗe da samun suna ba. Wani masani Ba'amurke, Don Norman, wanda ya yi aiki a kamfanin Apple a shekarun 1990, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta. A 1998 shi da Jakob Nielsen suka kafa kamfanin ba da shawara a wannan fanni. Shi Nielsen ya yi fice da abin da ya rubuta a 2000, cewa idan aka gwada manhaja da mutum biyar masu kama da juna, za a gano kusan kashi 85 cikin ɗari na wuraren da ke rikita mutane. Ma'anar haka ita ce aikin bai dogara ga tara dubban mutane ba. Ya dogara ga iya kallo da iya sauraro.

Da yawa daga cikinmu mun riƙe amfanin wannan aiki a hannu ba mu sani ba. Tarhon Nokia 1100 da ya fito a 2003, mai ƴar fitila a ka da maɓallan da ƙura ba ta saurin ɓata su, an yi shi ne da tunanin ƙasashe irin namu, inda wuta ke ɗaukewa, kuma an sayar da fiye da miliyan 200. Haka nan M-Pesa ta ƙasar Kenya: da aka fara gwada ta a 2005, nufin shi ne masu ƙananan basussuka su riƙa biya ta tarho. Sai masu lura suka ga mutane sun mai da ita hanyar aika wa juna kuɗi. Da aka buɗe ta ga kowa a 2007, a kan aika kuɗi gida aka tallata ta, kuma a kan haka ta bunƙasa.

A nan ƙasarmu ma an ga irin wannan. A 2010, shekarar ƙarancin abinci, an raba wa iyalai tallafi a wasu ƙauyukan jihar Tawa, wasu aka ba su kuɗin a hannu, wasu ta tarho. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker, wadda a lokacin take jami'ar Tufts, da abokan aikinta sun bi sawun abin, suka gano cewa waɗanda suka karɓa ta tarho sun rage ɓata lokaci a tafiya da jiran layi, kuma abincin gidajensu ya fi bambanta. Ba a biro aka gano haka ba, sai da aka shiga ƙauyuka aka tambayi mata.

Ƙanen namu ya ba mu misalin da ya gamsar da mu. Ya ce mai sayar da ƙosai da dala take lissafi. Abin da take kira “ɗari”, allon tarho yana rubuta shi 500. Abin da take kira “jaka”, yana rubuta 1000. Idan ba ta yi lakwal ba, kuma umarnin da Faransanci yake, sai ta miƙa tarhon ga mai shago ko ga yaro, har da lambar sirrinta. Injiniyan da ke zaune a Farisa ko Dakar ba zai taɓa hango wannan ba. Wanda ya tashi cikin kasuwa, ya iya Hausa ko Zabarmanci, ya kuma iya rubuta rahoto da Faransanci, shi zai gani ya faɗa. Tun da kundin da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, muna kyautata zaton buƙatar masu irin wannan basira za ta ƙaru. To, amsar da za a ba dattijo ita ce: aikin na gaske ne, halal ne, kuma yana da amfani ga talaka. Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi wuya: shin zai riƙe gida?

Abin da albashi ke ɓoyewa

Mai albashi yakan ɗauka abin da ke shiga hannunsa ƙarshen wata shi kaɗai yake samu. Alhali akwai wasu abubuwa da ke tafe da albashin waɗanda ba ya ganinsu sai ranar da suka yanke. Akwai kason da mai aikin ke zuba masa a asusun CNSS saboda fansho da haɗarin aiki. Akwai hutun shekara da ake biyansa yana kwance a gida. A wasu wuraren akwai taimakon magani ga mata da yara. Akwai kwamfuta, da intanet, da wutar da ba ta ɗaukewa saboda injin kamfani. Akwai kuma wani abu da ba a rubuta shi a takarda: mai kanti yana ba shi bashin shinkafa, mai gida yana yi masa haƙurin haya, banki yana sauraronsa, duk saboda an san ranar da kuɗinsa ke zuwa. Ranar da ya ajiye aiki, waɗannan duka sun koma wuyansa.

Sai dai adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Albashin ma ba dutse ba ne. A 2022 da 2023 manyan kamfanonin fasaha na Amurka sun sallami dubban ma'aikata, cikinsu har da masu irin wannan bincike. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID, kuma mun san gidaje a garuruwanmu da suka wayi gari aikin da suka dogara da shi ya tsaya. Amma a lura da kyau: iskar da ta kwashe masu albashin ita ce ta fara kwashe masu kwangila, domin idan kuɗi ya ragu, bincike na cikin abubuwan da ake fara sokewa. Kuma waɗanda ke jiran biya daga waje ba su manta da watannin takunkumi ba, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, lokacin da shigowar kuɗi ta banki ta yi wuya ƙwarai. Mai cin gashin kansa a wannan fanni ya sani cewa masu sayen aikinsa a ƙasarmu ba su da yawa: kamfanonin tarho, da bankuna, da gidajen aika kuɗi, da ƙungiyoyin agaji, da ƴan kamfanonin waje masu neman wanda ya san ƙasa. Idan biyu daga ciki suka rufe aljihu lokaci guda, shekarar ta yi tsanani.

Lissafin da muka yi tare da shi

Muka ɗauko takarda da alƙalami. Alƙaluman da za mu kawo nan misali ne kawai, kowa ya sa nasa. A ce gida na cin jaka 250 a wata, tsakanin haya, da abinci, da kuɗin makaranta, da abin da ake aika wa iyaye. A shekara miliyan 3 ke nan. A ƙara miliyan 1 na lanho, da magani, da intanet, da gyaran kayan aiki, da ɗan abin da za a ajiye wa tsufa. An sami miliyan 4.

Kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya raba albashinsa da kwanakin wata. Mai albashin jaka 300 da ke aiki kwana 22 yakan ce yininsa bai kai jaka 14 ba, saboda haka idan ya nemi jaka 15 a yini ya ci riba. Ya manta cewa ba duk kwanakin shekara ake sayensu ba. Akwai ranakun neman aiki, da na rubuta tayin da ba za a karɓa ba, da na bin bashi, da na rashin lafiya, da watannin da babu wanda ya kira shi. Idan a shekarar farko ya sayar da kwana 100, to jaka 15 a yini ta ba shi miliyan 1 da rabi, alhali gidansa na buƙatar miliyan 4. Domin ya tsaya da ƙafarsa, sai yininsa ya kai jaka 40. Muka tambaye shi: “Akwai wanda ya taɓa biyanka haka, ko ya yi maka alkawari a rubuce?” Ya yi shiru. Muka ce masa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai kuma jinkirin biya. Kamfani ko ƙungiya na iya karɓar rahoto yau, kuɗin ya fito bayan wata biyu ko uku, ba don mugunta ba, sai don haka takardunsu ke tafiya. Cikin yara ba ya jiran sa hannun akanta. Saboda haka muka ce kada ya taka ƙofar fita sai yana da ajiyar da za ta riƙe gidan wata shida ba tare da ko dala ta shigo ba, kuma ajiyar ta zama tasa ce, ba bashi ba, ba kuɗin adashen uwargida ba.

Takardu da fita ta mutunci

Na farko, ya yi rajista. Manyan masu ba da aiki ba sa biyan wanda ba shi da lambar lanho, wato NIF, da takardar neman biya mai hatimi. Dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda Nijar da Kamaru da Cadi da Benin ke bi, sun tanadi matsayi mai sauƙi ga mai ƙaramar sana'a tun gyaran da aka yi masu a 2010. Ya je ya tambaya a ofishin ƴan kasuwa da na lanho, ya kuma tambayi CNSS yadda zai kiyaye shekarun da ya riga ya zuba.

Na biyu, kada ya fara kowane aiki da baki kawai, ko da na aminin mahaifinsa ne. A rubuta abin da za a yi, da mutum nawa za a tattauna da su, da wanda zai ɗauki kuɗin mota da masauki, da ranar biya. Ya nemi a ba shi wani kaso kafin ya tashi, domin kada ya ci bashi ya yi wa mai kuɗi aiki.

Na uku, ya fita ta ƙofar da zai iya sake shigowa. Ya ba da sanarwa a kan lokacin da yarjejeniyarsa ta tanada, ya miƙa aiki a tsare, kada ya ɗauki ko lambar tarho ɗaya daga kundin kamfani. Sau da yawa tsohon wurin aikin mutum shi ne ke fara ba shi kwangila. Idan yana so ya gwada sana'ar a ranakun hutu kafin ya fita, ya duba ko yarjejeniyarsa ta yarda, ya kuma sanar da shugabansa. Abin da aka yi a ɓoye yakan fito a mummunan lokaci. Wanda yake ma'aikacin gwamnati kuwa, ya binciki damar dakatar da aiki na ɗan lokaci ba albashi, abin da ake kira disponibilité da Faransanci, kafin ya yi tunanin murabus.

Amanar da ke cikin aikin

Wannan sana'a jarinta amana ce. Mutane za su buɗe masa ƙofa, su gaya masa nawa suke samu, da wa suke bin bashi, da abin da suke ɓoye wa dangi. Wajibi ne ya faɗa masu ko shi wane ne, da wanda ya aiko shi, da abin da za a yi da maganarsu, ya nemi izini kafin ya ɗauki murya ko hoto, kuma duk wanda ya ƙi a bar shi. Kada ya bari su zaci tallafi ya kawo alhali tambaya ya kawo. Wanda ya bar sana'arsa awa guda ya zauna da shi, ya cancanci ɗan abin da zai maye masa lokacin. Tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukumar HAPDP domin kula da ita. Sunaye da muryoyin da ke cikin kwamfutarsa alhaki ne a kansa a gaban doka ma.

Akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, kuma a can akwai masu amfani da tarho da yawa. Dole ya sami mace amintacciya da za ta yi aiki tare da shi, ya biya ta haƙƙinta cikakke, ya sa kuɗinta cikin lissafi tun farko.

Jarrabawa mafi girma kuwa tana zuwa ranar miƙa rahoto. Wanda ya biya kuɗi yakan so ya ji cewa abin da ya ƙera ya yi kyau. Mai albashi idan ya faɗi gaskiya mai ɗaci, ƙarshen wata albashinsa na nan. Mai kwangila kuwa yana tsoron kada a sake kiransa. A nan ake gane na ƙwarai. Kuma mun ji labarin masu zama ƙarƙashin bishiya su cike takardun tambayoyi da kansu, su ce sun zaga ƙauye goma. Wannan cin haram ne, kuma garuruwanmu ƙanana ne: sau ɗaya aka kama mutum, sunansa ya mutu a sana'ar.

Gida

Muka tambaye shi ko ya shawarci mai ɗakinsa. Ya ce ya “sanar da ita”. Muka ce sanarwa daban, shawara daban. Ita ce za ta fuskanci tukunya a watan da babu kuɗi, ita ce za ta amsa tambayar yara ranar da aka koro su saboda kuɗin makaranta. Ya zauna da ita da takardar lissafin nan, su amince a kan abin da za a rage, da abin da ba za a taɓa ba, da kuma iyakar lokacin gwaji: idan shekara ta cika ajiya ta ƙare aiki bai kankama ba, zai koma neman albashi ba tare da jin kunya ba.

Ya kuma shirya wa dangi. A wurinmu, wanda ba ya fita da safe da jaka a hannu ba shi da aikin yi. Shi za a aika tasha, shi zai kai mara lafiya asibiti, shi zai wakilci gida a kowane suna da ɗaurin aure. Zumunci wajibi ne, amma idan bai tsayar wa kansa lokutan aiki ya sanar da kowa cikin ladabi ba, zai wayi gari ya zama ɗan aiken zuriya. Ya nemi abokan sana'a biyu ko uku da za su riƙa duba aikin juna suna miƙa wa juna kwangila, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Game da mahaifinsa, muka ce kada ya je masa da gardama. Ya je da misalin mai ƙosai, domin dattijo ya san dala ya san jaka, zai fahimci aikin nan take. Ya tabbatar masa cewa abin da ake aika masu duk wata yana cikin lissafi, sannan ya nemi albarkarsa.

Inda maganar ta tsaya

Ba mu ce masa ya fita ba, ba mu ce ya zauna ba. Mun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, gaskiya ne, amma sai ka tabbata gatarin na da kaifi kafin ka mayar da na aro. Sharuɗɗan da muka ba shi huɗu ne: ajiyar wata shida, kwangila ɗaya aƙalla da aka sa wa hannu, takardun rajista, da yardar iyali. Dogaro ga Allah ba ya hana mutum shiri.

Makonni kaɗan bayan haka ya dawo. Ya ce ya ɗaga tafiyar zuwa bayan wata takwas. Ya sayar da babur ɗinsa na biyu ya zuba a ajiya, shugabansa ya yarda ya yi wani ƙaramin bincike a ranakun Asabar, kuma mai ɗakinsa ce yanzu ke riƙe da littafin lissafi. Mahaifinsa bai ce ya yarda ba tukuna, amma ya tambaye shi yaushe za a gyara tarhon ya riƙa faɗin kuɗi da dala.

Muna roƙon iyaye da su saurari ƴaƴansu idan sun zo da sana'ar da ba a saba jin sunanta ba, muna kuma roƙon matasa da su zo da lissafi a hannu. Wanda ya taɓa barin albashi ya koma yi wa kansa, ko ya dace ko bai dace ba, ya rubuto mana ta ofishin ƙungiya, domin wasu su ƙaru. Allah ya sa albarka a neman kowa, ya rufa mana asiri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.